Tauraron da babu shi a cikin zanen

A ƙarshen watan nan zan miƙa katin aikina in bar gidan tarihin nan, bayan shekara shida ina zagayawa da baƙi, ina rubuta 'yan allunan bayanin da ake liƙawa a gefen zane. Abokan aiki sun ce in bar wa sababbin shiga wani abu a rubuce. Da na zauna, sai na ga kusan duk abin da na sani daga allo guda ya fito, wanda na ɓata a shekarata ta biyu.

Baje kolin a kan fata aka shirya shi, wato yadda masu zanen Turai suka siffanta sa rai. Ba mu da ƙarfin aro zanen asali, sai aka buga manyan kwafi aka rataye. Ni aka ba bangon tsakiya, inda zanen George Frederic Watts yake, wanda ya yi a 1886 ya sa masa suna Fata. Mace ce zaune a kan dunƙulen duniya, idanunta ɗaure da ƙyalle, ƙafa ba takalmi, ta rungumi wani abin kiɗa irin na Girkawan da, tsirkiyoyinsa duk sun tsinke sai guda. Ta sunkuyar da kai har kunnenta ya kusa taɓa tsirkiyar. Launin shuɗi-shuɗi ne da kore-kore, kamar ana hangen ta cikin hazo.

Ban tsaya gaban kwafin na dube shi da kyau ba. A ofis na zauna da littattafai, na karanta cewa akwai ɗan tauraro a saman zanen. Na ji daɗi ƙwarai, don zanen ya yi mini nauyi, ina kuma neman abin da zan ba mutane su tafi da shi da sanyin zuciya. Na rubuta: "Ɗaga kai ka dubi ɗan tauraron da ke samanta. A nan fatan yake." Shugabar sashenmu ta karanta, ta sa hannu, aka buga, aka liƙa.

Kwana tara allon ya yi a bango. Manya suka riƙa karantawa, su ɗaga kai, su gyaɗa, su wuce. Ni kaina na sha nuna saman zanen da hannu alhali idona na kan baƙi. A rana ta goma 'yan makaranta suka zo. Wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba ta ƙi bin 'yan uwanta, ta yi ɗage, ta ja baya, ta sake matsowa. Can ta ce, "Malam, ina tauraron?" Na ce, "Ga shi can sama." Na juya in nuna mata, ban ga komai ba sai shuɗin sarari. Malamarsu na tsaye tana kallona.

Ashe sau biyu Watts ya yi zanen. Na farko ne ke da tauraro. A na biyu, wanda ya ba gidan adana zane-zane na Tate da ke Landan a 1897, wanda kuma shi muka kwafa, ya cire shi da gangan.

A taron safiyar Litinin shugabar ta zo da allon a hannu, ta karanta shi a gaban kowa, ta ce abin da ke faruwa ke nan idan aka ba wanda bai ƙosa ba aiki. Ba ta ambaci sa hannunta ba, babu kuma wanda ya tuna mata. Shekara guda cur aka hana ni rubuta allo. Kuskuren nawa ne, ban taɓa musun haka ba, amma mu biyu ne ba mu duba bangon ba. Laifi tudu ne. Har yau idan na tuna yadda ta ja muryarta a kan "A nan fatan yake", sai in ji abin ya dawo mini sabo.

Makonnin da suka rage wa baje kolin, na riƙa zuwa kafin a buɗe ƙofa in zauna a bencin da ke fuskantar zanen. Kunya ce ta fara kai ni, daga baya zanen ya riƙe ni. A nan na gane cewa kuskurena ya fi ƙarfin rikita kwafi biyu. Na ɗora fata a kan abin da matar ba za ta taɓa gani ba, tunda idanunta a ɗaure suke. Watts ya yi zanen ne bayan rasuwar jaririyar 'yar da ya riƙa. Ya san alamomin fata da magabatansa suka saba da su: ƙugiyar da ake tsayar da jirgin ruwa da ita, ko irin macen da mai zane Giotto ya zana a birnin Padua na Italiya wajen 1305, mai fukafukai, tana miƙa hannu sama ga kambin da ake miƙo mata. Duk ya ajiye su. Shi ya sa marubucin Ingila G. K. Chesterton ya ce wanda ya fara ganin zanen zai ɗauka Yanke Ƙauna ne sunansa. Watts kuwa bayaninsa shi ne, ba dole ne fata ya zama jiran wani abu ba, sautin da tsirkiyar da ta rage za ta iya bayarwa yake nufi.

Da idona ya buɗe, sai na ga sauran bangayen ma maganar da suke yi ke nan. Puvis de Chavannes ya zana nasa a 1872, bayan Jamusawa sun ci ƙasarsa Faransa da yaƙi: yarinya cikin fararen kaya riƙe da ɗan reshe, bayanta rusassun gine-gine da kaburbura. Na Gustav Klimt na 1903 mace ce mai tsohon ciki, ga ƙoƙon kan mamaci dab da keyarta. Babu ko ɗaya cikinsu da ya zana fata shi kaɗai. Kowa sai da ya ajiye asarar a gefensa, mai bayanin da ya rufe asarar don ya lallashi baƙi kuwa ya ɓoye musu rabin zanen.

Tun daga lokacin na canza yadda nake zagaye. In mun iso gaban zane, nakan yi shiru na minti guda, ko da an fara tari ana duba waya, sannan in tambaya, "Me kuka gani?" Sunan zanen da shekararsa sai daga baya. Wani dattijo da ya zo shi kaɗai, a makon ƙarshe na baje kolin, ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Ba don wani take kaɗawa ba. So take ta ji ko da saura." Ban taɓa karanta bayanin da ya kai nasa ba, ban kuma tambaye shi abin da ya rasa ba.

Sauran darussan gajeru ne. Kada ka rubuta kalma a kan zanen da ba ka tsaya gabansa ba, gani ya kori ji. Ka bincika ko zanen yana da ɗan uwa, don masu zane kan maimaita aiki su canza shi. In yaro ya ce bai gani ba, ka juya ka duba kafin ka ba shi amsa. In kai mai zuwa kallo ne, zane uku da ka zauna da su sun fi ɗari da ka ɗauka a waya. Duk takardar da na sama da kai ya sa wa hannu kuma, ka ajiye kwafinta.

Tsohon allon yana cikin aljihun teburina na ƙasa, da tabon gam a bayansa. Ba zan tafi da shi ba. Wanda ya gaji teburin zai same shi a nan, tare da takardar da aka sa wa hannu.