Waye ke bayan lambar wayar nan da kake sayen magani?

Ni fa ba na adawa da ganin likita ta waya. Mai hawan jini ko ciwon suga da ya yi shekaru yana shan magani ɗaya, me zai sa ya yi sammako ya kama layin kati don kawai a sake rubuta masa abin da ya riga ya haddace? Ya kira likitansa ta bidiyo, ya faɗi awon da ya yi a gida, shikenan.

Inda nake da ja shi ne masu talla a TikTok da status ɗin WhatsApp, maganin ƙiba, maganin sanyi, na basir, kayan mata, wai ka tura kuɗi a ba ɗan sahu ya kawo maka har ƙofar gida, babu shago babu adireshi, wani ma ya rataya abin awon ƙirji a wuya yana kiran kansa dokta alhali ko ajin jinya bai taɓa leƙawa ba. Mai kemis ɗin unguwa ko ya cuce ka ka san inda zaka same shi gobe, ka san babansa, ka san masallacin da yake sallah. Wannan kuwa da ya danna maka bulok magana ta ƙare.

Kuma jabu ba wasa ba ne. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe irin namu jabu ne ko marasa inganci. Mu da muka ga yadda maganin fitar haƙori na My Pikin ya kashe jarirai a 2008 ai ba sai an ba mu labari ba. Shi yasa tun 2010 NAFDAC ta kawo tsarin nan na kankare kwali ka tura lambar ta tes a gaya maka ko na gaske ne, amma tsakani da Allah mutum nawa ke kankarewa? A Kano har dillalan magani na Sabon Gari aka tayar aka maida su Dangwauro a 2024 don a riƙa sa musu ido, sai ga wata kasuwar ta buɗe a cikin waya wadda ba ta da ƙofar da za a garƙame.

Ni dai kafin in tura ko sisi sai na tambayi ina shagon yake, wa ke riƙe da lasisin hukumar masu harhaɗa magani (PCN), likitan kuma yana da rajista da hukumar likitoci (MDCN)? Mai gaskiya baya jin haushin tambayar. Zazzaɓin yaro kuwa ba na yarda da waya sam, sai an ɗibi jini an gwada.