Daga Gadar Urdun Zuwa Kabarin Annabi Ibrahim

Da asuba muka bar Amman, babban birnin Jodan, mu goma sha ɗaya a cikin ƙaramar bas, bayan mun kammala umara. Hanyar gangara ce zalla har kunnuwana suka toshe, domin kwarin Kogin Urdun yana can ƙasa da doron teku. Kogin da nake zaton zan tarar kamar Binuwai, da ƙyar na hango ruwa a cikinsa. Gadar kuwa suna uku gare ta: mutanen Jodan suna ce mata gadar Sarki Husaini, Falasɗinawa suna ce mata Karama, Isra'ila kuma Allenby. Wannan Allenby shi ne janar ɗin Ingila da ya shiga birnin Ƙudus da ƙafa a watan Disamba na 1917, 'yan makonni bayan ministan harkokin wajen Ingila, Arthur Balfour, ya rubuta wasiƙar da ta yi wa Yahudawa alkawarin gida a Falasɗinu. A lokacin Larabawa ne kusan kashi tara cikin goma na mutanen ƙasar, amma wasiƙar ko sunansu ba ta ambata ba, sai ta kira su al'ummomin da ba Yahudawa ba. Ina wannan tunani muka haye.

La'asar ta yi mana a Babul Amud, babbar ƙofar tsohon birnin Ƙudus. Wani yaro yana tura baro cike da ka'ak, dogon burodi mai riɗi, ya ƙulla mini garin za'atar, wani haɗin ganye mai ƙanshi, a 'yar takarda na riƙa dangwala ina tafe. A ƙofar Masallacin Aƙsa wani jami'i ya dubi fasfona ya dube ni, ya ce in karanta Fatiha. Na karanta, muryata na rawa. Da na ɗaga kai na ga ƙubbar zinariyar nan da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya gina wajen shekarar 691, sai hawaye suka ƙwace mini. Ban yi ƙoƙarin tsayar da su ba.

Abin da ban yi tsammani ba ya same ni washegari. Dab da ƙofar da ake kira Babul Majlis akwai wasu tsofaffin gidajen baƙi biyu na zamanin daular Mamluk ta Masar, suna kallon juna. A nan baƙar fatar Ƙudus suke zaune, jikokin alhazan da suka taso daga Najeriya, Chadi, Sudan da Senegal, waɗanda suka yi hajji suka zarce ziyarar Aƙsa, ba su koma ba. Akwai Hausawa a cikinsu, da Fulani, da Barebari. Wani dattijo yana zaune a kan kujerar roba, ya ga hulata ta zanna, ya miƙe tsaye.

"Sannu," ya ce. "Ina gajiya?"

Na tsaya cak. "Baba, kana jin Hausa?"

Ya girgiza kai, ya koma Larabci. Gaisuwa kawai ta rage masa daga bakin mahaifinsa, sai sunan tuwo da miyar kuka. Ya ce mahaifin nasa shekaru ya yi a hanya, yana noma a Sudan don ya tara guzuri. Ya sa aka kawo mana shayi da na'ana'a, ya ce, "Zauna, ɗana, kai ɗan gida ne." Na tambaye shi ko ya taɓa sha'awar komawa ƙasar kakanninsa. Ya nuna mini ƙasan da muke zaune a kai, ya ce a nan aka binne cibiyarsa, shi Bafalasɗine ne. Daga cikin mutanen unguwar nan ne Fatima Barnawi ta fito, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, aka ɗaure ta a 1967 bisa dasa bam a wani gidan sinima, bam ɗin da bai tashi ba. Maganar dattijon ta tsaya mini a rai, domin shi ba ya da'awar jinin Kan'aniyawa ko na Bani Isra'ila. Haihuwa da zama ne hujjarsa.

Na nace wa jagoranmu sai ya kai ni yammacin birni, ko da yake wasu abokan tafiyata ba su so ba. Na hau jirgin ƙasan cikin gari har Dutsen Herzl, inda aka sake binne Theodor Herzl a 1949. Bayahude ne ɗan jarida da ke aiki a Biyana, babban birnin Ostiriya, ya ga yadda ƙiyayyar Yahudawa ke ruruwa a Turai, har a Faransa inda aka yi wa hafsan soja Dreyfus ƙazafi, sai ya yanke cewa Bayahude ba zai tsira ba sai da ƙasarsa. A 1897 ya tara babban taron farko na Sahayoniyawa, wato masu neman kafa wa Yahudawa ƙasa, a birnin Basel. A 1903 Ingila ta yi musu tayin fili a Gabashin Afirka, daga baya suka ƙi, suka ce sai Sihiyona, wato Ƙudus. A bayan dutsen ne gidan tarihin Yad Vashem yake. Na shiga. Na ga tarin takalman mutanen da 'yan Nazi suka hallaka, cikin Yahudawa miliyan 6 da aka kashe. Duk wanda ya ce wannan ƙarya ce, bai ji tsoron Allah ba. Na fito jikina a sanyaye.

Amma a mashigar birnin ta yamma, a gangaren wani kwari, akwai Lifta. Ƙauye ne na Falasɗinawa da aka watse daga cikinsa a yaƙin 1948. Gidajen dutse na nan tsaye, babu ƙofofi, ciyawa ta cinye tsakar gida, itatuwan ɓaure da almon suna ta 'ya'ya babu mai tsinka. Masu gidajen wasu suna nan a gabashin Ƙudus, suna iya hango ɗakin da aka haifi iyayensu, ba su da ikon komawa. Fiye da mutum 700,000 ne suka bar gidajensu ko aka kore su a waccan shekara, ita ce suke kira Nakba, wato masifa. Shekara biyu bayan haka Isra'ila ta kafa dokar da ta ba kowane Bayahude a duniya damar zuwa ya zama ɗan ƙasa. Wanda kakansa ya bar ƙasar shekara dubu biyu da suka wuce yana da hanya, wanda uwarsa ta fita da mabuɗin ɗakinta a hannu ba shi da ita. Wannan ban iya haɗiye shi ba, har yau.

A kasuwar Mahane Yehuda na sayi dabino wajen wani tsoho Bayahude da ya yi mini magana da Larabcin Bagadaza. Iyayensa na cikin Yahudawan Iraƙi fiye da 100,000 da suka bar ƙasar a tsakanin 1950 da 1951. Kafin tafiyata na sha karanta saƙonni a WhatsApp cewa Yahudawan yau duk Turawa ne, ba su da alaƙa da Annabi Yaƙub. Wannan tsoho da za ka sa masa rawani, ba za ka bambanta shi da jagoranmu ba. Binciken ƙwayoyin gado ma ya nuna cewa Yahudawa da yawa, har da na Turai, suna da tsatso daga yankin, haka su ma Falasɗinawa. A ganina musun asalin Bayahude ɓata baki ne, kuma bai ƙara wa Bafalasɗine komai ba. Haƙƙinsa a kan gonarsa da gidansa ba ya jiran sakamakon gwajin jini.

Ranar ƙarshe muka nufi Al-Khalil, wato Hebron. Mun bi ta gefen katangar siminti da Isra'ila ta fara ginawa a 2002, tsayinta a wasu wurare ya kai mita 8. A tsohuwar kasuwa na ɗaga kai na ga ragar waya a shimfiɗe sama da rumfuna, cike da kwalabe da tsummoki da duwatsu. 'Yan kasuwa ne suka kafa ta saboda abin da ake jefowa daga benayen Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna. Titin Shuhada, wanda a da shi ne zuciyar garin, shagunansa a garƙame, an like ƙofofin da walda. Garin nan ya sha jini ta kowane ɓangare: a 1929 an kashe Yahudawa 67 a cikinsa, sannan a ranar 25 ga Fabrairun 1994, cikin azumi, wani Bayahude ɗan kama-wuri-zauna mai suna Baruch Goldstein ya buɗe wuta a kan masu sallar asuba ya kashe 29. Bayan haka ne aka raba masallacin Annabi Ibrahim gida biyu tsakanin Musulmi da Yahudawa.

Muka wuce ƙofofin ƙarfe masu juyawa, muka tuɓe takalma. Kabarin Annabi Ishaƙ da matarsa yana ɓangaren Musulmi, na Annabi Yaƙub yana ɗaya ɓangaren. Na Annabi Ibrahim kuwa yana tsakiya, a wani ɗaki mai tagogin ƙarfe, an lulluɓe shi da koren kyalle, kowa yana leƙensa daga nasa gefen, da gilashin da harsashi ba ya hudawa a tsakani. Na kama ƙarfen tagar ina salati, ina ambaton Ibrahim da alayen Ibrahim kamar yadda nake yi a kowace tahiya. Ta cikin gilashin na hango wata mata da ɗankwali, riƙe da ƙaramin littafi, leɓunanta na motsi. Idanunmu suka haɗu, ta sunkuyar da kai, ni ma na sunkuyar. Sai ladan ya kira azahar, jagoranmu ya taɓa kafaɗata ya ce, "Ya Hajj, zo mu sami sahu."