Shekara uku ina buɗe fom ɗin ina rufewa

A kowace damina, wajen watan Agusta, ake buɗe shafin neman tallafin karatu na Chevening, shirin da gwamnatin Birtaniya ta kafa tun 1983 domin ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara guda a jami'o'in ƙasarta. Shekara uku a jere ina shiga wannan shafi da dare bayan yara sun yi barci, in cike sunana da ranar haihuwata da sakamakon digirina, sai in na iso wurin da ake so mai nema ya ba da labarin jagorancin da ya taɓa yi, hannuna ya tsaya cak. Nakan zauna ina kallon farin filin har cajin kwamfutar ya kusa ƙarewa, daga nan in rufe, in ce wa kaina sai baɗi.

Babu sharaɗin da ban cika ba. Ana neman digiri na farko, ina da shi a fannin lafiyar al'umma. Ana neman gogewar aiki ta awa 2,800, wato kimanin shekara biyu, alhali na shafe shekara bakwai a ƙaramin asibitin garinmu ina aikin rigakafi. Alkawarin dawowa gida a yi aƙalla shekara biyu bayan kammala karatu kuwa bai taɓa damuna ba, domin dama nan nake so in zauna. Abin da ya hana ni shi ne wata murya a zuciyata da ke cewa irin wannan dama ta 'ya'yan manya ce, masu Turanci a baki, ba ta wadda ke yawo lungu-lungu da akwatin sanyi rataye a kafaɗa ba.

Daga baya na karanta cewa wasu masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, sun yi rubutu a kan wannan hali tun 1978, bayan sun nazarci mata fiye da 150 da suka yi fice a karatu da aiki, amma suna ganin sa'a ce kawai ta kai su, kuma wata rana asirinsu zai tonu. Na ga kaina a cikin bayaninsu, sai dai nawa yana da wani tushe na daban. Mu an raine mu ne da cewa yabon kai jahilci ne. Yarinyar da ta ce ta iya abu, akan ce ba ta da kunya, wadda ta sunkuyar da kai ta ce ba komai kuwa ita ce mai tarbiyya. Ina ƙaunar wannan tarbiyya har gobe, kuma ita nake ba 'ya'yana, amma ba a taɓa nuna mana inda iyakarta take ba.

Kawuna ne ya nuna mini. Malamin zaure ne, kuma da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Uwata yake kirana. Na je gaishe shi wata Juma'a da yamma, hira ta kawo mu kan maganar, na ce masa: "Kawu, ni fa kunya nake ji in zauna in lissafa wa baƙi abin da na yi, kuma na ji ana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum neman shugabanci." Ya ajiye littafin da ke hannunsa, ya ce hanin yana kan mai kwaɗayin mulki ne don kansa. Sannan ya karanto aya ta 55 a Suratu Yusuf, inda Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ce wa sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, domin shi mai tsarewa ne, masani. "Uwata," in ji shi, "da ya yi shiru saboda kawaici, wa zai tanadar wa mutane hatsi kafin shekarun fari bakwai? Ki faɗi abin da kika yi yadda yake, kada ki ƙara, kada kuma ki rage."

A daren na koma kan fom ɗin, na fara rubutu, sai na lura duk jimlolina da "mun" suke farawa: mun zagaya, mun wayar da kai, mun shawo kan iyaye. A wasu wuraren gaskiya ne, domin rigakafin shan inna aikin gayya ne na dubban mutane, daga mai ɗiga maganin a bakin yaro, zuwa mai shafa alama a ɗan yatsansa, zuwa mai rubutu da alli a ƙofar gida. Ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka ayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar, babu wanda zai ce nasarar tasa ce shi kaɗai. Amma akwai wata unguwa da magidanta suka rufe mana ƙofa zagaye bayan zagaye, kuma ni ce na lura cewa fushinsu ba a kan allurar yake ba: haushinsu shi ne ana kawo ɗigon magani har gida kyauta, amma idan yaro ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro babu mai leƙowa. Ni ce na je wurin mai unguwa da liman, na roƙi shugabar asibitinmu ta bar mu mu riƙa zuwa da kayan gwajin zazzaɓi, na kuma buɗe wani littafi na daban domin bibiyar yaran da ba a same su a gida ba. A zagaye na gaba, matar da ta taɓa kora ta da tsintsiya ita ce ta shimfiɗa mini tabarma, ta miƙo mini jaririnta. Na goge "mun" a waɗannan wurare na sa "na", ina yi zuciyata na bugawa kamar na ɗauki abin wani, alhali nawa ne.

Sauran aikin, wato zaɓen kwasa-kwasai uku da neman mutum biyu da za su rubuta shaida a kaina, bai ɗauki mako biyu ba. Shugabar tamu ta amsa tun kafin in gama yi mata bayani, ta ce ta daɗe tana mamakin me nake jira.

Bayan 'yan watanni saƙo ya shigo cewa an gayyace ni ganawa a Abuja. Na bar yaran a wurin Inna, na hau motar safe da takarduna a cikin jaka. Da aka shigar da ni ɗakin, ɗaya daga cikin masu tambayar ta nemi in ba su labarin lokacin da na sauya ra'ayin wasu mutane. Bakina ya ɗauko "mun" kamar yadda ya saba, na haɗiye shi, na ɗago kai na dube ta, na fara ba su labarin unguwar nan tun daga ranar da aka rufe mini ƙofa.