Kaset ɗin da Ba a Rubuta wa Suna Ba

Shekarar farko da na kama aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa a Tawa, shugaban shirye-shirye ya kira ni ofis ya ce ranar 13 ga Fabrairu, ranar rediyo ta duniya, an ba ni awa guda. In kawo wa masu sauraro tarihin rediyo da talabijin da kiɗan zamani. Ban daɗe da baro makaranta a Yamai ba, kaina cike da shekarun da na haddace don jarrabawa, sai na ce a raina faɗuwa ta zo daidai da zama.

Kwana biyu na yi ina jera su a takarda. A 1901 Marconi ya tsallakar da saƙo ta iska daga Ingila zuwa wancan gefen tekun Atlantika. A 1922 aka kafa BBC, ranar 13 ga Maris 1957 kuma sashenta na Hausa ya fara magana da shirin minti 15. A 1958 aka buɗe Radio Niger a Yamai, a 1967 aka kafa ORTN, hukumar rediyo da talabijin ta ƙasa, a 1974, shekarar da Seyni Kountché ya karɓi mulki, gidan ya koma Muryar Sahel. Talabijin ta fara shigowa ta ajin 'yan makaranta a 1964, Télé Sahel ta tsaya da ƙafarta a 1979. Bayan taron ƙasa na 1991 aka saki iska, rediyo mai zaman kanta R&M ta buɗe a Yamai a 1994, Anfani ta biyo baya. Shafi huɗu cif. Na duba na sake dubawa, babu kuskure ko ɗaya, har yau kuma ina kan bakana.

Na kai wa tsohon mai kula da na'urorinmu, wanda kowa ke kira Baba, don ya san inda zai sa mini kiɗa. Ya gyara tabarau ya karanta har ƙarshe, ya miƙo mini.

"Ɗiyata, wagga kalanda ce. A rataya ta ga bango. Wanda ke bisa amalanke, da wadda ke daka, mi za su ji?"

Na ce za su ji tarihi. Ya ce a'a, za su ji wata yarinya tana ƙirga. Ya tashi ya ɗauki makulli, na bi shi ina ƙunƙuni a ciki.

A bayan ɗakin watsa shiri akwai wani ɗan ɗaki da nake zaton na ajiye tsofaffin kujeru ne. Ashe kwalaye ne guda shida a kan katako, an ɗaga su daga ƙasa saboda gara. Kaset-kaset ne cike, da wasu manyan fayafayan zare irin na da, masu faɗin faranti. Da ya buɗe wani kwali sai wani tsami ya bugi hancina, kamar an zubar da ruwan kal. Ya ce wannan warin shi ne alamar zare ya fara mutuwa, kuma zafin Tawa na watan Afrilu ba ya yi wa zare da sauƙi. Ya nuna mini yadda ake tsai da su a tsaye maimakon a kwantar, da yadda ake zura biro a idon kaset a naɗe zaren da ya kwance, da yadda a da suke yanke kuskuren mai magana da reza su haɗe bakin da ɗan salatif. A kan waɗancan manyan fayafayan, zare yana tafiya santimita 19 a daƙiƙa guda. Wato in mutum ya yi tari, tarin nan yana da tsawo, ana iya auna shi da yatsu a yanke a jefar. Ni da na koyi haɗa shiri a kwamfuta, abin ya daɗe yana ba ni mamaki.

Amma abin da ya kawo ni in gani shi ne bayan kaset ɗin. Kowanne da rubutunsa na biro shuɗi, ƙanana kamar tururuwa: sunan mawaƙi, garinsu, sunan mai kiɗa, wani lokacin har 'yan amshi, da wata da shekara, da dalilin taron, ko biki ne, ko naɗin sarauta, ko kokowa.

A ɗakin nan na ji wata shekara da ba ta cikin shafukana huɗu: 1962, lokacin da aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron rediyo a Nijar. Mahaifin Baba malamin makaranta ne a ƙauye, yana cikin waɗanda aka damƙa wa akwatin rediyo da na'urar ɗaukar magana. Da dare mutane su taru a saurari shiri, a kan noma ko lafiya ko haraji, sannan a tattauna, malam ya ɗauki muryoyinsu ya aika Yamai. Bayan 'yan makonni sai manomi ya ji muryar kansa tana fitowa daga akwati. Baba ya ce akwai wani tsoho da ya ji tasa ya miƙe tsaye yana rantsuwa shi bai taɓa zuwa Yamai ba. Ni a makaranta na ɗauki rediyo baki ne kawai. Ban san tun farkonta a ƙasar nan an yi mata kunne ba.

Daga ranar na fara sake awon shekarun nan nawa. Ban raina Marconi ba, amma in ana maganar abin da ya sauya rayuwar mutumin Adar, ni a ganina ƙaramar rediyo mai batir tana gaba da shi. Ita ce ta fitar da labari daga zauren mai kuɗi ta kai shi gona da bakin rijiya, aka ɗinka mata riga ta fata, aka rataya ta a wuya kamar laya. Da ita ake lalubo gajeren zango da dare, a kamo Kaduna a mita 49, a kamo Landan, daga baya Jamus da Amurka. Sai kuma kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963. Mu nan ba kiɗa kaɗai ya ɗauka ba. 'Yan ci-rani da ke Abijan da shi suke aiko wasiƙa: mutum ya zauna ya gaida kowa da sunansa, ya faɗi abin da ya aiko da yadda za a raba, a kawo gida a kunna a tsakar gida, uwa tana amsa sallamar kamar yana gabanta. Talabijin kuwa ta daɗe tana abin taro, a gidan samariya ko ƙofar gidan wani mai hali, yara a gaba cikin ƙura, manya a baya kan benci.

Na yaga shafi biyu, na sake gina shirin a kan sauti. Muka zaɓi kaset tara. Akwai na goma da na ɗauko daga ƙasan kwali, wanda babu komai a bayansa, fari fat. Muryar wani dattijo ce, mai kauri da ɗan karkarwa, Hausar Adar tsantsa, yana yabon wani manomi. Tsigar jikina ta tashi. Na ce Baba, wannan ai Ɗan Gurmu ne, shahararren mawaƙin nan na Nijar. Ya saurara ya daɗe, ya ce yana kama, amma shi ba shi ya ɗauka ba, a cikin kayan wani da ya rasu aka kawo masa, kuma abin da bai rubuta da hannunsa ba ba ya rantsuwa a kansa. Ya ce in bar shi.

Ban bar shi ba. Ina da sakin layi mai daɗi a kan gasar kiɗan zamani da aka sa wa sunan Ɗan Gurmu tun 1987, ina son murya ta hau kansa, ga kuma murya ta samu. Ranar shirin Baba ya tafi jana'iza, wani saurayi ne a kan na'ura. Na miƙa masa kaset ɗin, na buɗe makirufo na ce, "Jama'a, ga muryar marigayi Ɗan Gurmu."

Waƙar ba ta kai rabi ba wayar ɗakin ta fara ƙara. Na farko wani dattijo ne daga wajen Illela. Bai ma tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Yarinya, ɗiyar wa ce ke? Wanga ba Ɗan Gurmu ba ne. Na zauna gabanshi ya fi a ƙirga."

Ya faɗi sunan wani mawaƙin ƙauyensu. Kafin in gama ba shi haƙuri wata tsohuwa ta kira daga wajen Keita ta ce dattijon ma bai faɗi daidai ba, wannan ƙanen kakarta ne, har ta ja baiti na gaba kafin kaset ya iso wurin, kuma ya zo daidai. Na uku ya ce duk su biyun sun ɓata, ya kawo nasa sunan. Gumi ya jiƙe mini kallabi. Sauran minti 20 na shirin, waɗanda na tanada don Télé Sahel da zuwan FM, a gardamar nan suka ƙare.

Washegari na nemi gafara a iska, na kuma sha faɗa a ofis, wanda na cancanta. Baba bai ce mini uffan ba. Da na shigo ɗakin na'ura ya zaro biro daga aljihun gaban rigarsa ya ajiye a kan kaset ɗin, ya ci gaba da goge kan rakoda da auduga.

Abin da ya fi damuna daga baya ba kunyar ba ce. Mutumin nan ya yi waƙar da ta tayar mini da tsigar jiki bayan shekaru masu yawa, ni kuma na ɗauke ta na ba wanda ya riga ya yi suna, don kawai shi na sani. Haka manyan sunaye ke cinye ƙanana, kamar yadda kowace tsohuwar waƙar Hausa da ta ɓace wa mutane suke jingina ta ga Shata. Da na fara lura sai na ga abin ko'ina. Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na ogan a gidan rediyon ƙasa a 1978, aka yi shekaru ana sa shi tsakanin shiri da shiri a rediyo da talabijin. Kunnuwa da yawa sun san kiɗan, bakuna kaɗan ne za su iya faɗin mai shi, har sai da wani kamfanin Amurka ya sake fitar da shi a 2013. Mdou Moctar kuma, ɗan jiharmu ta Tawa, waƙarsa ta yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori har ƙasashen maƙwabta, kuma Ba'amurken da ya tattara irin waɗannan waƙoƙin ya fitar a 2011 sai da ya sha nema kafin ya kai ga mai ita. Su biyun an dace. Nawa ne ba a dace ba?

Yanzu ma abin ya fi sauƙin ɓacewa. Kaset ko ba komai yana da bayan da za a yi rubutu. Waƙar da ake turo mana ta WhatsApp lambobi ne kawai a kanta, ta bi hannu goma kafin ta iso, kowa ya ce shi ma turo masa aka yi. Samarin da ke zuwa koyon aiki wurinmu suna ganin ina da tsanani, don ba na yarda a sa waƙa a ce "wani mawaƙi" alhali ana iya tambaya, ba na kuma yarda a laƙa suna don ana zato.

In na fita ɗaukar sauti, kafin a buga ko kalangu ɗaya nakan kunna na'ura in faɗi ranar da garin da bakina, sannan in miƙa makirufo kowa ya faɗi sunansa da na mahaifinsa. Haka ko fayil ya canza suna sau ɗari, shaidar tana cikin sautin. A wani biki a Buza na yi wa wata zabiya haka, ta faɗi nata, na juya wurin 'yan amshinta su uku. Suka dubi juna suka fashe da dariya, babbar cikinsu ta ce, "Mu ma?" Ta ce tun tana budurwa take amshi, ba a taɓa tambayarta ba. Ta gyara mayafi ta faɗi sunanta sau biyu, wai ko na farkon bai shiga ba.

Kaset ɗin nan yana cikin durowar teburina. Na kwafe shi a kwamfuta da wasu wurare biyu. A bayansa, da biron Baba, na rubuta sunaye ukun da aka faɗa mini a waya, kowanne da alamar tambaya da garin wanda ya faɗa. Duk ranar 13 ga Fabrairu nakan sa shi a ƙarshen shiri, in ce ga wata murya daga Adar, wanda ya san mai ita ya kira. Bara wani makaho daga wajen Madawa ya kira ya ce shi mawaƙin bai gane shi ba, amma hannun mai kiɗan ya san shi, sun yi yawo tare suna yara. Na juya kaset ɗin na sami ɗan wuri a ƙasa na ƙara suna na huɗu.