Kuɗin ƙungiya da kunyar manya: abin da na gani a kujerar ma'aji

Ƙungiyarmu ƙarama ce: likitoci, nas-nas, ungozomomi da masu harhaɗa magunguna 'yan zango da ke aiki a Kumasi da kewaye. Ba mu ba da lasisi, wannan aikin hukumomin da doka ta kafa ne, irin su Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Gana. Ba mu zama da gwamnati kan albashi, ba mu kiran yajin aiki; babbar ƙungiyar likitocin ƙasa, wadda aka kafa tun 1958, ita ke da wannan. Namu shi ne mu karantar da juna, mu ja ƙananan ma'aikata a jiki, mu fita Aboabo da Asawase muna auna wa jama'a hawan jini da suga kyauta.

Lokacin da aka zaɓe ni ma'aji, kuɗin wata-wata na mambobi ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, suke shiga wayar dattijon da ya kafa ƙungiyar, wanda duk muke kira Baba. Allah shaida, mutumin nan bai taɓa cin ko sidi ɗaya ba. Sau da yawa ma daga aljihunsa ake cike kuɗin hayar kujeru da rumfa. Matsalar ita ce babu mai iya tambayarsa nawa ya shigo, nawa ya fita. Rabinmu shi ya koya mana duba maras lafiya a asibitin koyarwa na Komfo Anokye. Wa zai ɗaga hannu a taro ya ce Baba ya kawo rasit? Sai mutane suka yi shiru, daga baya kuma suka daina biya, don wanda bai san inda kuɗinsa ke zuwa ba, kuma kunya ta hana shi tambaya, janye hannu ya fi masa sauƙi.

Rajista ce ta fitar da mu. Dokar kamfanoni ta 2019, mai lamba 992, ta tanadi tsarin da ƙungiyoyin da ba na neman riba ba ke shiga: a samu daraktoci aƙalla biyu, da sakatare, da mai binciken kuɗi, a riƙa kai rahoto ofishin rajista kowace shekara, kuma ba a raba wa mambobi rarar kuɗi. Da muka shiga wannan tsari, tambayar lissafi ta daina zama rashin kunya. Ba ni ke tambaya ba, doka ce.

Duk da haka ban kai maganar gaban taro ba. Na je gidansa bayan sallar isha'i tare da wata Hajiya, tsohuwar shugabar nas-nas wadda yake jin nauyinta. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ba don an ga wani abu ba ne. Banki ne ba zai buɗe asusu ba sai da sa hannun mutum biyu." Ya ɗan yi shiru, sannan ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon littafi mai jan bango, wanda ya rubuta kowane sidi a ciki da biro tun ranar farko, har kuɗin ruwan leda. Ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, na daɗe ina jiran wanda zai karɓe mini wannan kaya." Ashe shi ma nauyin ya ishe shi, babu dai wanda ya ba shi ƙofar sauke shi cikin mutunci. Ta wannan hanya muka bi wajen sa wa'adi a kundin tsarin ƙungiya: shugaba ya yi zango biyu ya sauka, tsofaffin shugabanni su koma majalisar dattawa mai ba da shawara, ba ta taɓa asusu.

Abu na biyu da ya ba ni wahala shi ne kamfanonin magunguna. Likita a Gana sai ya tara makin ƙarin ilimi kafin ya sabunta lasisinsa kowace shekara, don haka tarurrukan karatu ne suka fi jawo mana jama'a, kuma zaure da abinci kuɗi ne. Kamfani zai ce zai ɗauki nauyin komai, amma shi zai kawo mai jawabi. Mun yi doguwar muhawara. Wasu suka ce mai kuɗi ai shi ke da ta cewa. Ni ra'ayina, wanda daga ƙarshe aka amince da shi, shi ne a karɓi tallafin, a rubuta shi a rahoton shekara, a ba su tebur a bakin ƙofa, amma mu za mu zaɓi maudu'i da malami. Ɗan kwamitin da ke da wata alaƙa da kamfanin kuwa ya faɗa da bakinsa, ya fita kafin a yi ƙuri'a. Mun rasa masu tallafi a kan haka, kuma shekarar 2022, da tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, ta sa mun ji rashin a jika. Mun koma yin taro a ajin makaranta, kowa ya zo da ruwansa.

Siyasa kuwa ba mu daɗe a kanta ba. Asawase wuri ne mai zafi lokacin zaɓe, kuma 'yan takara na son hoto da farar rigar likita a bayansu. Muka rubuta cewa babu tutar jam'iyya a wurin gwajinmu, ko wa ya sayi batirin na'ura.

Abin da har yanzu ba mu warware ba shi ne cikar adadin masu yanke shawara. Wannan yana aikin dare, waccan tana ɗakin haihuwa, wasu da dama sun tafi Ingila da Amurka. Mun yarda a riƙa ƙananan shawarwari ta WhatsApp, sakatare ya shigar da su cikin bayanan taro na gaba, amma zaɓe da gyaran kundi sai an haɗu ido da ido. Waɗanda ke waje su ne suka fi kowa biyan kuɗin wata a kan lokaci, suna kuma neman a ba su ƙuri'a. Ina ganin suna da gaskiya, kuma haka na gaya wa wadda ta gaje ni ranar da na miƙa mata takardun banki. Maganar tana kan ajandar babban taron bana.