Wata Na Tara Da Fiyano: Na Je Da Kunne, Yatsu Suka Yanke Hukunci

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da ƙoƙari. Shirun da kuka ji na sati uku ba lalaci ba ne, yawon taɓa fiyanon mutane na shiga, domin nawa ya kai ni iyakar inda zai iya kai ni.

Nawa irin wanda muka saba gani ne a situdiyon mawaƙa, mai maɓallai 61, marasa nauyi, da ganguna da algaita da komai a cikinsa. A wurinmu ai in an ce kiɗan fiyano, shi ake nufi. Ban san ina da matsala ba sai ranar da malamina ya zaunar da ni gaban nasa mai maɓallai 88, farare 52, baƙaƙe 36, ya ce in hau do-re-mi in sauko a hankali, kamar akwai jariri yana barci a ɗakin. Na danna, shiru. Na ƙara ƙarfi, sai ga ƙara kamar an yar da kwano. Tsakanin shirun da ƙarar babu komai a hannuna. Malam ya yi dariya ya ce, "Wata takwas kana danna makunnin fitila, ba fiyano ba." Na ji haushi, amma gaskiya ya faɗa.

A fiyanon katako, in ka danna maɓalli, wata 'yar guduma mai kan ulu ce ke tashi ta bugi tsirkiya, kuma saurin tashinta shi ke sa sauti ya yi ƙarfi ko ya yi sanyi. Wannan ita ce dabarar da Bartolomeo Cristofori ya kawo a birnin Fulorans na Italiya wajen shekarar 1700, har sunan kayan ma daga nan ya samo asali, wato mai sanyi da ƙarfi. Na lantarki ba shi da tsirkiya. A irin na malam, ƙarfe ne aka maƙala wa kowane maɓalli don ya kwaikwayi nauyin gudumar, sai na'urar da ke auna saurin saukarsa ta ba shi lamba daga 1 zuwa 127, a fitar da sautin da ya dace da lambar. A masu kyau, maɓallan hagu sun fi na dama nauyi kaɗan, kamar yadda gudumomin manyan tsirkiyoyi suka fi girma. Nawa kuwa sifirin ne kawai a ƙarƙashi, kana dannawa yana turo ka.

Guda huɗu na samu na taɓa: Yamaha P-125 a gidan wani abokina, Kawai ES110 a wurin malam, sai Roland FP-10 da Casio PX-S1100 a wani shago. Duk na Japan ne, har ma Yamaha da Kawai gari ɗaya suka fito, Hamamatsu.

Kuskuren farko da na yi shi ne zuwa da kunne. A ɗakin abokina akwai darduma da labule da katifa, a shago kuwa siminti ne da gilashi, ga janareton maƙwabta yana ruri. Wanda na ji a shago sai ya yi mini kamar ya fi kaifi, alhali ɗakin ne ke magana. Ga shi wasu lasifikarsu ƙasa take kallo, in an ɗora su a kan tebur amon daban, in an ɗora a kan ƙafarsu daban. Da na gane haka sai na koma zagaye na biyu da abin sauraro na kunne guda ɗaya, shi nake jonawa a kowanne. Sai a lokacin na fara jin bambanci na gaskiya. Amon Yamaha a kunnena tas yake, mai haske, kowane sauti a ware kamar an wanke shi. Na Kawai ya fi zagaye da ɗumi, musamman a tsakiya inda mai koyo ke yini. Na Roland yana da kauri a hagu, kuma in ka riƙe maɓalli yana daɗewa yana canza launi kafin ya mutu. Wannan ra'ayin kunnena ne. Abokina ya rantse na Yamaha ya fi kowanne, muka yi musu har aka kira magariba.

Abin da ya buɗe mini ido kuwa ba da niyya ya zo ba. Ina zaune gaban Roland a shagon aka ɗauke wuta. Mai shago ya ce, "Malam, ɗan dakata a tayar da inji." Na ce masa, "Alhaji, bari tukuna." Na ci gaba da bugawa a kan fiyano matacce. Da sauti ya gushe, sai yatsuna suka fara ba ni labari. Na sa manuniya a kan do na tsakiya, na tura shi a hankali kamar mai gwada nunar mangwaro. Can kusa da ƙasa na ji wani ɗan tudu, ɗan ƙiris, sannan ya zarce. Da gangan aka yi shi, kwaikwayo ne na gurbin da guduma ke kuɓucewa daga abin da ke tura ta a babban fiyanon katako. Fuskar maɓallan ma tana da ɗan kaushi irin na hauren giwa, yatsa mai gumi ba ya santsi, wanda duk mai atisaye a watan Afrilu ya san darajarsa. Na Yamaha da na Kawai ba su da wannan tudun, sumul suke sauka. Na Kawai ya fi sauƙi a hannuna, yana dawowa da sauri. Na Roland ya fi nauyi, bayan minti ashirin ƙaramin yatsana na hagu ya fara kuka.

Tun daga ranar, duk fiyanon da na samu sai na kashe shi tukuna. Ina danna farin maɓalli a bakinsa, sannan in danna shi can ciki tsakanin baƙaƙe. Maɓalli kamar lilon katako yake, in sandar gajera ce, kusa da gindinta sai ya yi tauri, kuma nan ne yatsu ke shiga idan kana haɗa sautuka uku masu baƙin maɓalli a ciki. Bayan haka in kunna, in buga maɓalli ɗaya sau goma, daga raɗa zuwa tsawa, in ƙirga hawa nawa zan iya rabewa. A nawa na gida hawa uku nake samu da ƙyar. A na malam na samu shida, shi kuwa da ya karɓa sai da na daina ƙirgawa.

Maganar yawan sautukan da fiyano ke iya riƙewa lokaci guda, 96 a FP-10, 192 a sauran ukun, ban ba ta muhimmanci ba. Mai yatsu goma da feda ɗaya, wato abin takawa mai riƙe sauti, da har yanzu ƙafarsa ke mantawa da ita, 96 ta ishe shi.

Casio kuwa ya ja ni ta wata hanya. Siriri ne, kilo 11 da ɗoriya, kuma yana aiki da ƙananan batura shida. Ga mai zama inda wuta ke zuwa kamar baƙo, wannan ba ƙaramin abu ba ne, na tsaya na yi tunani sosai a kansa.

Inda na tsaya yanzu: amo ana iya canza shi. Ka jona fiyano da kwamfuta ta wayar USB, ka sa manhajar da ke da sautin da ranka ke so. Nauyin maɓalli kuwa, wanda ka saya shi za ka zauna da shi. Don haka zuciyata ta karkata ga mai nauyin nan da ya gajiyar da ni, ko da yake aljihu bai amsa ba tukuna.

Kafin nan malam ya yarda in riƙa zuwa wurinsa Talata da Asabar, minti talatin. Ya hana ni rage ƙarar lasifika, ya ce mai rage ƙara duka yake koya, in ina son sanyi in nemo shi da yatsa. Satin nan hannun hagu kaɗai nake yi, do zuwa do, a hankali. Jiya na hau na sauko sau huɗu babu maɓallin da ya yi shiru, a na biyar ƙaramin yatsa ya sake yaudarata a kan do na ƙasa.