Asabar, ranar tantance kajin iri

Tun da asuba, kafin a buɗe akurki, na fara aikin, don kazar da ta riga ta fita kiwo ba ta kamuwa sai da guje-guje. Kaji 19 ne da zakaru 5. Kowacce na ɗora ta a sikeli, na duba littafi, na ɗaura mata zare a ƙafa: ja ga wadda za ta zauna a matsayin iri, baƙi ga ta kasuwa.

Na fi daɗewa a kan zakarun, saboda rabin jinin kowane tsako na zakara ne. A nan yawancin gidaje suke yin asara ba su sani ba. Da Sallah ta matso ko aka yi baƙo, zakaran da ya fi girma shi ake kamawa, a bar ƙanƙanin yana bin kaji. Bayan shekara uku sai a ce kajin gidan sun lalace, alhali da hannu aka zaɓe su a kan ƙanƙanta. Wanda na ajiye yau ya kai kilo 1.5 a mako 20, ƙirjinsa cike, ƙafafu miƙe, zanko ja wur, ido tar. Akwai wanda ya fi shi kyan gashi nesa ba kusa ba, amma yatsunsa a karkace suke, na sa masa baƙin zare. Zakara ɗaya ya ishi kaji 8 zuwa 10. In sun haura haka, ƙwai marasa ɗa suna yawa.

Zakaran da na zaɓa, na ajiye shi ne kuma don wuyansa ba gashi. Wannan siffa tana rinjaye a gado, kuma masu ita sun fi jure zafin bazara tunda gashin jikinsu ya ragu. Nawa yana da ɗan tukkun gashi a gaban wuya, alamar daga ɓangare ɗaya ya gado ta, don haka kusan rabin 'ya'yansa ne za su fito da ita in ya taka kaji masu cikakken gashi.

Su kuwa matan, girma kaɗai bai isa ba. Na sa yatsu tsakanin ƙasusuwa biyun nan na gefen dubura: in yatsu biyu zuwa uku sun shiga, kuma wurin da laushi da danshi, tana saka ƙwai. In ɗaya ne da ƙyar, ci kawai take yi. Sai littafi ya yi magana: ƙwai nawa ta yi kafin ta kwanta, nawa ta ƙyanƙyashe, nawa suka kai mako 8 a raye. Wannan na ƙarshen shi na fi ba muhimmanci. Kazar da ta fasa 12 ta bar wa shirwa 9 ba uwa ba ce, gara wadda ta fasa 9 ta raini 7. Takwas suka ci jarrabawa.

Na ware su a ɗaki guda tare da zakaran, amma ba zan ɗebi ƙwan iri ba sai bayan mako 3. Kaza tana riƙe ruwan zakaran da ya taka ta a baya har mako biyu ko fiye, wanda ya yi gaggawa 'ya'yan tsohon zakara zai tara yana zaton na sabo ne. In lokacin ya yi, ƙwai masu matsakaicin girma zan ɗauka, ban da mai tsaga, mai kashi a jiki, ko mai siririn ɓawo. Ba a wanke su. A rubuta kwanan wata da alamar uwar da fensir, a ajiye kusa da randa inda akwai sanyi, tsinin yana ƙasa, kada su wuce kwana 7. Kazar gida ƙwai 10 zuwa 12 take iya rufewa da kyau. A kwana na 7 zuwa 10 da kwanciyarta a haska ƙwan da tocila cikin duhu, wanda ba jijiyoyin jini a cire shi kafin ya zama baragurbi. Kwana 21 'yan tsaki su fito.

Da la'asar na duba jadawalin rigakafi. Hunturu na tafe, lokacin da cutar Niyukasil take share akurki cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta tambayar wace ce ta iri. Ranar Litinin za su sha Lasota, rigakafin wannan cuta, da sassafe, a ruwan rijiya mai sanyi, bayan an ɗauke musu ruwa na awa biyu.

Abin da ya rage shi ne badi. Wannan zakaran ba zai taka 'ya'yansa ba, domin in jini ya yi ta juyawa a gida ɗaya ƙyanƙyasa tana raguwa, 'yan tsaki su riƙa fitowa da rauni. Na rubuta a littafi cewa in sagarun sun kai wata 5 zan nemo zakara daga wani ƙauye, mai yiwuwa daga kajin Fulani don girmansu, in killace shi shi kaɗai mako 2 kafin ya haɗu da su.